Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga 'Yan Jarida da Masu Shafukan Labarai na Jihar Katsina Kan Yanke Maganar Masu Sharhi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga shugabannin gidajen rediyo da talabijin na wannan jiha, da editoci, da masu gabatar da shirye-shiryen siyasa, da shugabannin ƙungiyar 'yan jarida reshen Katsina, har zuwa ga 'ya'yanmu matasa masu riƙe da shafukan labarai a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, ina roƙon Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya kuma tsare ku a kan aikin da muka san ba shi da sauƙi, musamman a wannan zamani da zuwa ɗauko rahoto a Batsari ko Jibiya ya zama sai da addu'a.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da Hausa da Turanci a makarantun sakandare na Katsina da Daura kafin in yi ritaya, kuma na san da yawa daga cikinku sun zauna a gabana ko a gaban abokan aikina. Na rubuto ne da yawun wasu dattawa da muke zama tare bayan la'asar a unguwarmu, waɗanda a cikinsu akwai tsofaffin malamai, da limamin masallacinmu, da 'yan kasuwa, da iyayen yara, dukkanmu masu sauraron ku ne safe da yamma. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yanke maganar masu sharhin siyasa, ko a sauya mata fassara, ko a ɗora musu abin da ba su faɗa ba, a duk lokacin da zance ya biyo ta kan addini da luwaɗi da maɗigo da abin da ƙasashen Turai ke kira haƙƙin masu neman jinsinsu, da kuma yadda idan gaskiya ta bayyana ake yin shiru kamar ba a yi komai ba.

Matsayin addininmu a kan wannan lamari sananne ne, ba ya buƙatar bayanina. Matsayin doka ma sananne ne, domin tun watan Janairu na 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya sa hannu a dokar hana auren jinsi wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14, ita kuma Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000 a zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua. Wannan wasiƙa ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Na ambace su ne domin ku auna nauyin abin da kuke ɗora wa mutum a garin nan idan kuka ce ya goyi bayan wannan abu. A London ko Washington irin wannan kuskure na iya ƙarewa a cacar baki ta kwana biyu. A Katsina yana raba mutum da sahun gaba a masallaci, yana raba shi da surukansa, yana iya raba shi da ransa.

Na ga haka da idona. A watan Yuli na 2024, lokacin da ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai aka riƙa danganta ta da auren jinsi, an gayyaci wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyarwa a wata babbar makaranta, zuwa wani shirin rediyo. Ya zo gidana da daddare kafin shirin, muka zauna muna duba sassan yarjejeniyar da ya buga a takarda, domin yaro ne da ba ya son yin magana a kan abin da bai karanta ba. A cikin shirin, wanda ya kai kusan minti arba'in, ya fara da bayyana abin da wakilan Turai suka so a saka lokacin tattaunawa da kuma hujjojin da suke kafawa, sannan ya bayyana yadda ƙasashen Afirka suka ƙi, sannan ya faɗi ra'ayinsa na cewa ya kamata Majalisar Tarayya ta bi rubutun layi-layi kafin a aiwatar da komai. Washegari wani shafi ya fitar da gutsuren muryarsa na daƙiƙa ashirin, daidai wurin da yake kawo hujjar Turawa, aka cire gabatarwar da ke nuna maganar wasu yake kawowa, aka cire martaninsa, aka ɗora hotonsa da rubutu babba cewa malamin ya goyi bayan auren jinsi.

Kafin Juma'a ta zagayo, mutanen da yake jan su salla idan liman ba ya nan sun daina miƙa shi gaba. Matarsa ta je suna ta dawo tana kuka. An tsokani 'yarsa a Islamiyya da sunan da ba zan rubuta ba. Wasu da bai sani ba suka riƙa kiransa a waya cikin dare, har mahaifinsa ya umarce shi ya koma ƙauye ya yi mako biyu. Bayan kwana biyar shafin ya goge abin da ya wallafa ba tare da ya ce uffan ba, alhali muryar ta riga ta shiga wayoyin da ba wanda zai iya ƙirgawa. Har yau akwai waɗanda idan ya yi musu sallama suke amsawa da kai.

Kokenmu na farko ke nan, wato yanke magana a tsakiya. Duk wanda ya yi karatun allo a garin nan ya san misalin da malamai ke bayarwa, cewa wanda ya karanta ayar Suratul Ma'un da ke cewa azaba ta tabbata ga masu salla ya tsaya nan, bai ci gaba zuwa ayar da ta bayyana cewa masu sakaci da sallarsu ake nufi ba, ya yi wa Alƙur'ani ƙarya ko da bai ƙara harafi ɗaya ba. Malamanmu kuma suna cewa mai hikayar kafirci ba kafiri ba ne. Aikin mai sharhi kuwa rabinsa hikaya ne, dole ya faɗi abin da wancan ɓangare ke cewa kafin ya warware shi. Idan duk wanda ya kawo hujjar abokin hamayya za a yanke shi a nan a ce ra'ayinsa ne, to masu karatu za su daina zuwa gidajenku, su bar muku masu ihu. Mun riga mun fara ganin alamar haka, domin na san malamai uku da suka ce ko da kuɗi ba za su sake hawa rediyo a kan wannan batu ba.

Almakashin nan kuma ba ɓangare ɗaya yake yanka ba. Malami zai zauna a zaure yana karanta babin haddi, yana bayyana sharuɗɗan shaida da cewa alƙali ne kaɗai ke yanke hukunci, sai a ɗauki jimla ɗaya a yi mata fassarar Turanci a tura waje da sunan wani malamin Arewa ya ce a kashe mutane. Wanda ya yi wa mai sharhi haka da wanda ya yi wa malami haka sana'arsu ɗaya.

Koke na biyu ya shafi fassara, kuma a nan zan ɗan daɗe domin fagena ne. Turanci yana da kalmomi daban-daban ga halittar mutum ta namiji ko mace, da matsayin da al'umma ke ba maza da mata, da kuma wanda mutum yake sha'awa. Mu kuwa a aikin jarida duk mun tattara su mun zuba a cikin kalma ɗaya, wato jinsi. Saboda haka muna da daidaiton jinsi, muna da cin zarafin jinsi, muna da auren jinsi, kuma mai sauraro da ke kan babur ko a rumfar kasuwa kalmar ƙarshe kawai kunnensa ke riƙewa. Ƙudirin daidaiton jinsi da Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Maris na 2016 magana ce ta gado da aure da ilimin mata, kuma a kan gado ne malamai suka fi yin suka a kansa. Amma sau nawa na ji mai sharhi ya yi magana a kan karatun 'ya'ya mata ya ambaci daidaiton jinsi, da yamma a ce ya yi kiran a halatta auren jinsi? Haka kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin mutum ya ce kada jama'a su ɗauki doka a hannunsu a kan wanda ake zargi, da ya ce a soke doka, da ya ce abin halal ne. Na farko magana ce da kowane alƙalin kotun Shari'a zai faɗa. Mai fassara da ya mai da na farko ya zama na uku, ko dai bai iya aikinsa ba, ko kuwa ya san abin da yake yi.

Yarjejeniyar Samoa kanta darasi ce a kan wannan. An ƙulla ta ne a birnin Apia ranar 15 ga Nuwamba 2023 tsakanin Tarayyar Turai da ƙungiyar ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik mai ƙasashe 79, domin ta maye gurbin yarjejeniyar Kwatano ta shekarar 2000, Najeriya kuma ta sa hannu ranar 28 ga Yuni 2024. Ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta buga labarin da ya danganta ta da masu neman jinsi da kuma dala biliyan 150. Rubutun da aka sa wa hannu bai ambaci auren jinsi ba, kuma ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta fito ta faɗi haka. Gwamnati ma ta ce ta haɗa sa hannunta da sanarwar cewa duk abin da ya saɓa wa dokokin Najeriya ba zai yi aiki ba. Duk da haka masu damuwa suna da abin kamawa, domin akwai sashen da ya hana nuna bambanci ya lissafo dalilai ya rufe da cewa ko wani matsayi daban, akwai kuma sashen da ya yi magana a kan lafiya da haƙƙoƙin jima'i da haihuwa, kuma mai hankali na iya tambaya ko za a faɗaɗa ma'anarsu nan gaba. Wannan ita ce muhawarar da ta kamata jama'ar Katsina su ji da Hausa, a kawo sassan a karanta musu. Maimakon haka sai aka raba mutane gida biyu, duk wanda ya ce ya karanta bai ga kalmar ba aka shafa masa kashin kaji.

Abin da ya biyo baya ya cancanci ku yi nazarinsa. Hukumar sauraron koke-koke da ƙungiyoyin 'yan jarida da masu gidajen jaridu suka kafa da kansu ta duba ƙarar da gwamnati ta kai, ta ce labarin bai inganta ba, kuma a farkon Oktoba 2024 jaridar ta fito ta ba da haƙuri a fili. Na yaba mata a kan haka, kuma ƙimarta ta ƙaru a idona. Tambayata ita ce, a cikin shafukan da suka fassara labarin farko zuwa Hausa suka yaɗa shi a nan jihar, nawa ne suka fassara ban haƙurin? Ni dai mutanen da nake zama da su, sai da na kai musu labarinsa da bakina.

Wannan shi ne koke na uku, rashin gyara. Goge rubutu a ɓoye ba gyara ba ne, kare kai ne daga ƙara. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun wajabta gyara kuskure cikin gaggawa da ba wanda aka taɓa damar mai da martani, kuma na tabbata ana koyar da su a duk inda ake koyar da aikin jarida. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Koke na huɗu shi ne dabarar kanun labari mai alamar tambaya, da katin hoto mai ɗauke da fuskar mutum da jimla a cikin alamar zancen wani alhali ba haka ya furta ba. Mai shafi zai rubuta, shin wane ya goyi bayan kaza? Idan an tuhume shi sai ya ce ai tambaya ya yi. Ina tunatar da ku cewa a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, an faɗa cewa wanda ya kira wani ɗan luwaɗi ana yi masa haddin ƙazafi, kuma a mazhabar Malikiyya habaici ma ana yin haddi a kansa. Na san cewa jingina wa mutum goyon baya ba ɗaya yake da jingina masa aikatawa ba a wurin alƙali, amma a bakin jama'a ba a kwana biyu kafin na farko ya rikiɗe ya zama na biyu, kuma kun san haka tun kafin ku wallafa.

Ba mu manta ba kuma cewa wannan zargi tsohon makami ne na siyasa. A watan Maris na 2015, ana dab da zaɓe, mai magana da yawun kwamitin yaƙin neman zaɓen shugaba mai ci a lokacin, Goodluck Jonathan, ya yi zargin cewa Muhammadu Buhari ya yi wa wasu ƙasashen Yamma alkawarin halatta auren jinsi domin su mara masa baya. Mutanen Daura sun san yadda wannan magana ta yi musu ciwo. A watan Yuli na shekarar, lokacin ziyararsa a Amurka, fadarsa ta bayyana cewa ya ƙi amincewa da batun, kuma ya yi shekara takwas a kan mulki dokar 2014 tana nan, har Allah Ya karɓi ransa a Yuli 2025. Idan an iya jefa mutum irinsa da wannan, yaya ƙaramin malamin da ba shi da kakaki? Duk lokacin da zaɓe ya matso sojojin baka kan cika gidajen rediyo da shirye-shiryen da aka saya, ga kuma manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum sun shigo hannun kowa, don haka muke ganin gara a yi maganar tun yanzu.

Maƙwabtanmu Kirista na Malumfashi da Ƙafur da cikin birni ma abin bai bar su ba. A Oktoba 2020 duniya ta ɗauka cewa Fafaroma Francis ya sauya koyarwar cocinsa a kan masu neman jinsinsu, daga baya fadar Vatikan ta aika wa jakadunta bayanin cewa amsoshi biyu ne na tambayoyi daban-daban daga wata hira ta 2019 aka haɗe su wuri ɗaya. Wani abokin aikina Kirista ya gaya mini irin gorin da ya sha a wurin shan shayi a makon. A wannan jiha tamu da ta ga tarzomar 1991 a kan abin da wata mujalla ta buga, a yankin da ya ga mutum fiye da 200 sun mutu a Kaduna a Nuwamba 2002 a kan rubutun jarida guda, bai kamata a riƙa tuna wa ɗan jarida cewa baki shi ke yanka wuya ba.

Abin da ya fi ba mu ciwo shi ne da sunan kishin addini ake yin wannan. Addinin da ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika don kada ku cuci wasu mutane cikin rashin sani. Addinin da ya tsawata a Suratun Nur a kan masu karɓar magana da harsunansu suna zaton abu ne mai sauƙi alhali babba ne a wurin Allah. Addinin da Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Garin Ɗan Marina da Ɗan Masani ne wannan, inda aka san malami da tambayar wa ya gaya maka, shi kuma daga wa ya ji.

Saboda haka muna roƙonku abubuwa kamar haka. Duk gidan rediyo ko talabijin da ya yi shiri a kan wannan batu ya ɗora cikakken shirin a shafinsa a ranar, domin wanda aka yanke ya sami abin nunawa. Duk mai shafin da zai fitar da gutsure kuma ya haɗa shi da cikakken, ya faɗi minti nawa ne aka ciro shi. Kada a saka magana a cikin alamar zancen wani sai abin da mutum ya furta harafi da harafi, idan kuwa fassara ce a faɗa cewa fassara ce, a ajiye asalin a ƙarƙashinta don masu jin harsunan biyu su auna. Kafin a jingina wa kowa ra'ayi a kan wannan lamari a kira shi a waya a karanta masa abin da za a buga, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma Katsina ba ta yi girman da za a rasa lambar mutum cikin awa ɗaya ba.

Idan an yi kuskure, gyaran ya fito a inda kuskuren ya fito, a shirin da aka yi shi, a lokacin da aka saba yinsa, da muryar wanda ya yi shi, a shafi kuma a bar gyaran a sama na tsawon kwanakin da ƙaryar ta yi. Shirye-shiryen siyasa da ake saya, muna roƙon a riƙa naɗar su a saurara kafin a saka, duk wanda ya zo da irin wannan zargi a ce ya kawo cikakkiyar murya ko rubutu, idan ba shi da su a cire wurin ko da zai janye kuɗinsa.

Ga shugabannin ƙungiyar 'yan jarida, muna roƙon ku zauna da malaman Hausa da na Larabci da na shari'a na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Al-Qalam, da masu koyar da aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ku fitar da 'yar takarda ko da shafi huɗu ce da za ta raba kalmar jinsi gida-gida, ta ba kowace ma'ana sunanta, a raba wa kowane ɗakin labarai. Ni da abokaina biyu da muka koyar da fassara a shirye muke mu zauna a wannan aiki ba tare da an biya mu ba. Muna kuma roƙon ku buɗe ƙofa ga masu shafukan intanet da ba su da katin ƙungiya, ku jawo su cikin horo, ku ware mutum uku masu mutunci da wanda aka zalunta zai kai wa kuka a saurare shi cikin mako guda. Ba mu neman a kama kowa. Mun ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida, ba ma so kukanmu ya zama sanda a hannun mai mulki, shi ya sa muka kawo shi gare ku.

Limamai da masu wa'azi da wannan wasiƙa za ta iske, muna roƙon kada a hau mumbari da gutsuren WhatsApp sai an ji cikakkensa, kuma a riƙa gaya wa matasa a fili cewa duk wanda ake zargi da kowane irin laifi, ko mai sharhi ne ko waninsa, ba wanda ke da ikon dukansa ko korarsa daga gidansa ko yaɗa hotonsa, hukunci na kotu ne bayan shaida.

Roƙona na ƙarshe ga yaron da ya yanke muryar ɗalibina ne. Na san kana karanta irin wannan rubutu, wataƙila ma na koyar da mahaifinka. Cikakken shirin yana nan a wayata. Ka ɗora shi a shafinka da bayanin abin da ya faru, sannan ka zo ka same ni bayan la'asar in raka ka masallacin unguwarsu ka faɗa a gaban mutanen da suka daina miƙa shi gaba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, a madadin dattawan majalisarmu,
Ƙofar Marusa, Katsina.